MURYAR ARO: Shafi na 19

Daga Maman Iklima, Toledo

Masu biyo ni har akwatin saƙo kuna cewa na shanya ku, ku yi haƙuri, aikin safe na yi satin nan. Ke kuma da kika ce in bar Grady ya shiryu, 'yar'uwa karanta na yau tukuna, sai mu yi magana.

*

Lorna ba ta taɓa abincin ba.

Suna zaune a falon manyan baƙi na otal ɗin, can hawa na sama, inda ake ci a sha kyauta. Tun safe ruwa ke sauka a Porto, birnin da suka yada zango a ƙetaren teku. Grady, mijinta, ya cika farantinsa da gasasshen kifi da burodi, yana ci yana duba waya.

"Ki ci mana," ya ce. "Yanzu za su kwashe."

"Na kira gidan Mama."

Cokalin ya tsaya masa a hanya.

"Da wace waya?"

"Da tawa. Na sauka ƙasa na sa kuɗin kira."

"Me ya kai ki? Ai da kin tambaye ni."

"Na tambaye ka ranar Lahadi. Na tambaye ka waccan Lahadin ma."

Don waɗanda suka shigo mana a tsakiya: shekara ta uku ke nan Grady da Lorna suna yawon duniya ba su sayi tikitin jirgi ko ɗaya da kuɗi ba. Sana'ar Grady ce. Ka buɗe katin bashi, ka yi sayayyar da banki ya gindaya, banki ya zuba maka tukuicin maki, ka juya makin ya zama kujerar jirgi da ɗakin otal, ka ajiye wannan katin ka buɗe wani. Ya buɗe da sunansa har bankuna suka gaji suka kore shi. Ya buɗe da sunan Lorna, ita ma suka rufe mata ƙofa. Sai ya koma kan surukarsa, Darlene Pruitt, tsohuwar da ko Chicago sau ɗaya ta taɓa zuwa. Ta sa musu hannu a teburin kicinta tana dariya, ta ce ita dai a riƙa aiko mata da hoto.

Yanzu makin Mama kaɗai ya rage musu a duniya.

Layukansu na gida kuwa, da nasa da na Lorna da wanda aka yi wa Mama don banki, duk suna cikin wata tsohuwar baƙar waya da Grady ke ɗaurewa a ƙugu ƙarƙashin riga, wai saboda lambobin sirri da bankuna ke turowa. Ko wanka zai shiga da ita yake shiga. Mama kuma lamba ɗaya ta haddace, tsohuwar lambar 'yarta. Duk wanda zai nemi Lorna daga gida, sai ya bi ta ƙugun Grady.

"To me ta ce?" ya tambaya, idonsa a faranti.

"Ba ta ɗauka ba."

"Ai na gaya miki. Tana bakin tafki da matan cocinsu. Babu layi a can."

"Na'urar ɗaukar saƙonta ta cika, Grady."

"To sai me?"

"Mama ba ta kwana da saƙo. Kullum kafin ta kwanta sai ta saurara ta goge, ko na masu talla ne. Wa ke kiranta haka har na'ura ta cika?"

"Ba ta gida, wa zai goge?"

"Su wa ke kiran? Shi na tambaye ka."

Ya ɗaga kafaɗa, ya yagi burodi. Ni dai wallahi wannan ɗaga kafaɗar tasa ita ta fi ba ni haushi a duk halayensa.

Lorna ta zuba masa ido. Mama ta tsani sauro. Ta tsani kwana a gadon da ba nata ba. Kuma tun bara ba sa ga maciji da Bev, shugabar matan cocin, a kan wata tukunyar miya da aka ara ba a mayar ba. Amma ranar Lahadin farko Grady ya ce ya yi magana da Mama lokacin Lorna na banɗaki, Mama ta ce a gaishe ta, tana sauri motar coci na jira. Lorna ta yarda, don tana son ta yarda. Tsohuwar na da ciwon zuciya, ita kuma ta bar ta ta tsallaka teku. Abin yana cin ta kullum, ba ta dai faɗa.

"Ba ni baƙar wayar," ta ce. "In kira Russ."

"Russ?" Ya yi dariya ta hanci. "Yayanki da ya kira ni ɓarawo a gaban mutane? Ke da kanki kika toshe lambarsa."

"Kai ka ce in toshe."

"Kika kuma toshe."

Ya goge baki, ya matso da kujerarsa, ya rage murya. Muryar nan tasa ta lallashi, mai santsi, wadda yake karɓar ɗaki mai kallon kogi da ita a hannun ma'aikatan otal.

"Lo, akwai ɗan aiki. Gari ya waye a can, sun buɗe. Ina so ki kira banki."

"Da sunan wa?"

"Kin sani."

"A'a."

"Minti biyar."

"Ka yi ta kwamfuta kamar kullum."

"Na gwada. Sun kulle shiga, sun ce sai mai asusu ta kira da bakinta."

"Me ya sa suka kulle?"

"Ina zan sani? Banki ne. Ƙila sun ga an shiga daga wata ƙasa."

"Shekara guda kana shiga daga wata ƙasa."

Ya ce, "Ki kira, su buɗe, in kwashe makin in mayar kamfanin jirgi. Shi ke nan. Ina gamawa in miƙa miki wayar, ki kira Russ, ki kira Bev, ki kira limamin cocin ma in kina so."

"Nawa za ka kwashe?"

"Duka."

Lorna ta ture farantinta gefe.

Duk mai bin shafin Grady na intanet ya san dokarsa ta farko, don babu satin da ba ya maimaita wa mabiyansa ita: ba a kwashe maki daga banki sai an ga kujera. In ka tura su kamfanin jirgi sun tafi ke nan, ba sa dawowa. Sai ka ga kujerar da idonka, ka ga ranar, ka ga jirgin, sannan ka tura daidai abin da ake buƙata, ko ɗaya kada ya ƙaru. Ya taɓa ƙaurace wa wani abokinsa wata guda saboda abokin ya karya wannan dokar.

"Wace kujera ka gani?" ta ce.

"Zan gani."

"Ina za mu?"

"Ban yanke ba tukuna."

"Ba ka ga kujera ba, ba ka san inda za mu ba, za ka kwashe duka."

"Lorna."

"Kai ne fa. Grady Ostrander, malamin maki. Me kake gudu?"

Ya kalli taga. Wata ma'aikaciya ta zo tana tattara farantai, ya yi mata murmushi, ya gode mata da harshensu. Sai da ta yi nisa ya juyo, murmushin ya tafi.

"In ba ki kira yau ba, gobe ba mu da wurin kwana. Kin gane? Ba mu da ɗaki, ba mu da jirgi. Ko gidan kike son zuwa, da makin nan za ki je."

"Wa ya ce ina son zuwa gida?"

Ya mayar da ido kan wayarsa.

"Ban ce maka ina son zuwa gida ba, Grady."

"Misali na ba ki. Tashi mu je ɗaki."

*

A ɗaki ya rufe taga don kada a ji kukan tsuntsayen teku. Ya ja labule. Ya kunna talabijin, ya nemo tashar gida, ya rage ta can ƙasa, yadda mai sauraro zai zaci falon wata tsohuwa ne a jiharsu ta Ohio. Komai nasa a tsare. Sannan ya ɗaga riga ya ciro baƙar wayar, ya latsa lambar da kansa, ya buɗe sifika, ya ajiye ta a kan gado tsakaninsu. Bai ba ta a hannu ba.

"Ina gamawa za ka ba ni," ta ce.

"Na rantse."

Ta zauna a bakin gado ta rufe ido.

Muryarta da ta Mama dama kusan ɗaya ce. Abin da ya rage ta saukar da ita ƙasa kaɗan, ta sa mata kaushin tsohuwar mai shan taba, ta yi ɗan tari kafin ta fara magana, ta kira kowa 'yar nan ko ɗan nan. Ranar farko da ta gwada, a kicin ɗin Mama ne, Mama na zaune tana bare dankali. Tsohuwar ta yi dariya har hawaye, ta ce, "To ni yanzu me ya rage min? Ki je min wurin likitan haƙori ma." A lokacin wasa ne. Yau kuwa tana buɗe baki ta ji kewar uwarta ta taso mata.

Wata yarinya mai fara'a ta ɗauka, ta yi gaisuwa, ta tambayi suna.

Lorna ta yi tarin.

"Darlene Pruitt ce, 'yar nan. Kun kulle min abin nan nawa, na rasa kansa."

"Ayya, yi haƙuri, yanzu za mu duba. Ranar haihuwarki?"

Ta faɗa.

"Sunan titin da kika tashi?"

Ta faɗa.

"Sunan karenki na farko?"

"Pepper. Mugun kare ne, ya ciji mai kawo wasiƙa."

Yarinyar ta yi dariya. Ana jin ƙarar yatsunta a kan madannai, kat kat kat. Grady ya ɗaga wa Lorna babban yatsa.

Sai ƙarar ta tsaya.

Talabijin na tallar maganin ciwon gwiwa.

"'Yar nan? Kina nan?"

"Ina nan." Fara'ar ta bar muryar yarinyar. "Um… don Allah ɗan jira ni. Kada ki kashe."

Kiɗa ya fara, irin na jira.

Grady ya miƙa hannu. "Kashe. Mu sake kira mu samu wata."

Lorna ta riga shi. Ta fizge wayar ta miƙe tsaye, ta koma jikin bango.

"Ba ni."

"Ta ce kada in kashe."

"Lorna, na san aikin nan. In suka sa ka jira haka, ba alheri. Ba ni."

Ɗakin da sanyi, amma gumi ne a saman leɓensa. Ta taɓa ganinsa an hana su shiga jirgi, ta gan shi ranar da banki ya ƙwace masa makin shekara guda, duk bai yi gumi ba, zagi kawai ya yi. Yau tsoro ne a fuskarsa, kuma ba wayar yake kallo ba. Ita yake kallo.

Kiɗan ya yanke.

"Barka da safiya." Namiji ne, dattijo, yana magana a hankali. "Sunana Halloran. An turo min kiranki daga wancan sashen. Da wa nake magana?"

Tari. "Darlene Pruitt, ɗan nan. Na gaya wa yarinyar."

"Malama, ina so ki san ana naɗar wannan kiran. Ki yi tunani kafin ki sake ba ni amsa. Da wa nake magana?"

"Na ce maka Darlene ce. Wai me ke faruwa ne?"

Aka ji ya ja numfashi.

"Ɗan mai wannan asusu, Russell Pruitt, ya zo reshenmu na Toledo da ƙafarsa ranar Litinin. Ya kawo mana takardar shaidar rasuwarta. Shi ya sa aka kulle."

Lorna ba ta yi ihu ba. Ta silale jikin bango har ƙasa, wayar na hannunta. Ta ji maganar sarai, kowace kalma, amma ta ƙi shiga. Ta ɗaga kai ta nemi mijinta, don shi take nema in abu ya same ta, shekara goma sha ɗaya shi take nema. Ta jira ta ga ya firgita. Ta jira ya ce ƙarya ne, ya ce wane irin shirme ne wannan.

Bai firgita ba.

Ya durƙusa a gabanta, ya sa yatsa a hankali ya danne wurin toshe magana, yadda mutumin ba zai ji su ba.

"Ka sani," ta ce. Da muryarta.

"Saurare ni."

"Ka sani."

"Lo, ki bari in yi miki bayani a tsare."

"Tun yaushe?"

"Russ ya kira layina. Ranar da muka sauka garin nan."

"Ranar da ka ce ta ce a gaishe ni."

Ya sunkuyar da kai.

"Yaya aka yi?"

"A barci. Ya ce ba ta sha wuya ba. Maƙwabciya ce ta…"

"An binne ta?"

"Grady. An binne uwata?"

"Ranar Asabar."

Asabar. Ranar Asabar suna cikin jirgin ruwa a kogi, rana ta fito, ya saya mata jar hula. Ya ce ta yi dariya, ta yi, ya ce ta sake, hasken bai yi ba. Ta sake. Ya ɗora hoton a shafi mutane suna ta cewa ina ma su ne. Ita ce ma ta ce masa a tura wa Mama, za ta so hular. Ya ce ya tura.

"Russ ya yi ta nemana," ta ce.

"Ya yi ta kira, e."

"Me ka ce masa?"

"Na ce kin ji, ba kya iya magana."

Wayyo. Yayanta ya tsaya a bakin kabari shi kaɗai, yana zaton ƙanwarsa ta ji ta ƙi zuwa.

Daga wayar muryar dattijon ta fito. "Malama? Kina kan layi?"

Grady ya soma magana da sauri, yatsansa na nan a danne.

"Na duba, Lorna. Na rantse da Allah na duba. Kowane jirgi, kowane kamfani, ta London, ta Madrid, har ta Iceland na duba. Babu kujerar maki ko ɗaya a satin. Ko na gaya miki me za ki yi? Kuka kawai za ki yi a otal. Na ce bari in samo kujera tukuna, in zo miki da labarin da tikiti a hannu. Kullum ina dubawa. Ban san Russ zai ruga banki da wuri haka ba, mutane sai su yi wata uku ba su je ba. In banki ya tabbatar ta rasu, makin ya ƙone. Duka. Ba a gadonsa."

"Jirage ba su tashi ba a satin?"

"Sun tashi."

"Babu kujera a cikinsu?"

"Akwai, amma ta kuɗi."

"Katin Mama na aljihunka. Da ka saya."

Ya dube ta kamar ta yi masa wani yare.

"Da kuɗi? Tikitin gaggawa, da kuɗi? Kin san abin da suke caja kuwa? Asara ce, Lo. Babu mai hankalin da zai yi haka."

Da gaske yake faɗa. Abin da ya fi tsorata ta ke nan. Babu mugunta a fuskarsa, bayani yake yi mata, irin wanda yake wa mabiyansa. Ta dubi mutumin da take kwana da shi, ta ji ba ta san shi ba, kuma ga ta a ƙasar da ba ta jin harshensu, fasfonta na cikin jakarsa.

"Malama," in ji dattijon, "in ba ki amsa ba zan rufe kiran, in miƙa shi sashen bincike. Ina ba ki shawara ki yi magana."

"Ji nan," Grady ya ce ƙasa ƙasa, ya riƙo hannunta. Tafinsa a jiƙe. "Ba a gama ba. Irin wannan kuskuren yana faruwa, na sha karantawa, sai su rubuta mai rai a cikin matattu. Kin amsa tambayoyinsu duka, ba ki faɗi ko ɗaya ba. Ki ce Russ ne. Ki ce rigimar gida ce, yana son gidanki, ya haɗa takardar ƙarya. Su buɗe min na rabin awa kawai. Rabin awa, in kwashe, in kai ki gida a kujerar gaba, ki je kabarinta ki yi kukanki."

"Ka ce in yi wa Russ sharri."

"Daga baya a gyara."

"Da bakin Mama."

"In kika faɗi sunanki yanzu, an naɗa. Ke kika kira, muryarki ce, ba tawa ba. Kina sauka filin jirgi za su tare ki. Kin ji abin da nake gaya miki?"

Ta ji. Ta ji sarai inda ya ajiye ta.

Ya share mata hawaye da bayan hannu, ya gyara mata gashin da ya rufe mata ido, ya matso da wayar saitin bakinta.

"Daure, Lo. Ki ce musu kina raye."

Ya ɗage yatsansa.

"Ina saurare," in ji dattijon. "A karo na ƙarshe. Da wa nake magana?"